Daga Wayar Tangaraho Zuwa Yanar Gizo: Tarihin Kalmomin Intanet a Bakin Bahaushe

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Duk wanda ya karanta littattafan soyayyar da aka yi ta bugawa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa ƙarshen shekarun 1990 zai tuna cewa saurayi wasiƙa yake rubutawa, ya ba ƙanen budurwa ya kai mata, in kuwa ya yi nisan zango sai ya nufi gidan waya ya sayi kan sarki. A littattafan yau kuwa da wuya ka buɗe shafi goma ba ka ci karo da wanda datarsa ta ƙare ba, ko wadda ta rasa sabis, ko wanda aka yi wa kutse. Waɗannan kalmomi sun shiga adabi, sun zauna daram.

Sai dai abin lura shi ne, da yawa daga cikinmu marubuta muna amfani da su ne a dunƙule, ba tare da rarrabe wannan da waccan ba. Wani zai rubuta intanet yana nufin Facebook, wani zai rubuta yanar gizo yana nufin sabis ɗin waya. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun waɗannan kalmomi, ta nuna inda abin da suke nufi ya samo asali, da yadda ya iso ƙasar Hausa, da kuma yadda Bahaushe ya raɗa masa suna. Wanda ya san tarihin kalma, da wuya ya ajiye ta a gurbin da ba nata ba.

Hanyoyi Uku da Hausa Ta Saba Bi

Ba yau Hausa ta fara karɓar baƙon abu ba, kuma tana da hanyoyi uku da ta saba bi wajen ba shi suna.

Ta farko ita ce aro. Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka kafa turaku suka ja zaren ƙarfe domin aika saƙo tsakanin bariki da bariki a farkon ƙarni na 20, Bahaushe bai wahalar da kansa ba. Ya ɗauki sunan da suke kiran zaren da shi, ya lanƙwasa shi daidai bakinsa, ya ce waya. Daga nan aka sami wayar tangaraho da wayar tarho da gidan waya. Abin ban sha'awa, yau na'urar da ke aljihunmu ba ta da zare ko ɗaya, amma sunan nan na waya bai rabu da ita ba.

Ta biyu ita ce faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma. Bahaushe ya san jirgi a kan ruwa tun kaka da kakanni. Da dogo ya iso Kano a 1911 sai ya ce jirgin ƙasa, da na sama ya bayyana ya ce jirgin sama.

Ta uku ita ce ƙirƙira, wato a dubi aikin abu ko siffarsa a gina masa suna, kamar tauraron ɗan'adam da Majalisar Ɗinkin Duniya. Wannan hanya ta fi ƙarfi a hannun ma'aikatan fassara da 'yan jarida. Hukumar Fassara da aka kafa a Katsina a 1929, wadda daga baya ta koma Zariya, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 a ƙarƙashin editanta Abubakar Imam, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, duk sun yi wannan aiki na nema wa baƙin abubuwa suna. Za mu ga cewa kalmomin intanet ma ta waɗannan ƙofofi uku suka shigo.

Asalin Intanet

Intanet kalmar aro ce, ma'anarta kuwa haɗakar hanyoyin sadarwa, wato rukunin kwamfutoci na wannan wuri ya haɗu da na wancan har abin ya game duniya. Tushensa wani shiri ne na ma'aikatar tsaron Amurka mai suna ARPANET. Ranar 29 ga Oktoba, 1969, aka aika saƙon farko daga wata kwamfuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles zuwa wata a Cibiyar Bincike ta Stanford. Haruffa 2 kawai suka isa, L da O, sai na'urar ta tsaya. Kafin ƙarshen wannan shekara wurare 4 ne kacal aka haɗa.

Dabarar da aka gina abin a kanta ita ce ta gutsuttsura saƙo. A tsohon tsarin tarho, in mutum biyu suna magana, layin nasu ne su kaɗai har su gama. A sabon tsari kuwa ana yanka saƙo ƙulli-ƙulli, a rubuta wa kowane ƙulli adireshin inda za shi, kowanne ya bi hanyar da ta fi sauƙi, in sun isa a sake jera su. Kamar dai fataken da suka rarraba kayansu a kan jakuna da yawa, wasu suka bi ta gabas da dutse wasu ta yamma, amma duk a zango ɗaya suka sauke. In hanya ɗaya ta toshe, ayari ba ya tsayawa.

A 1971 wani injiniya, Ray Tomlinson, ya aika wasiƙa daga kwamfuta zuwa wata kwamfuta, ya kuma zaɓi alamar nan ta @ domin ta raba sunan mutum da sunan gidan da akwatinsa yake. Wannan shi ne asalin imel. Sannan Vint Cerf da Bob Kahn suka tsara ƙa'idojin da kowace kwamfuta za ta bi domin ta fahimci 'yar'uwarta, aka kuma koma aiki da su ranar 1 ga Janairu, 1983. Masana da dama suna ɗaukar wannan rana a matsayin ranar haihuwar intanet.

Shigowar Gizo

Har zuwa ƙarshen shekarun 1980, intanet abin malaman jami'a ne da masu bincike. Wanda ya buɗe wa talaka ƙofa shi ne Tim Berners-Lee, Baturen Ingila da ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba, a ƙasar Suwizalan. A 1989 ya kawo shawarar a riƙa ajiye bayanai a shafuka, kowane shafi da adireshinsa, kuma a cikin shafin a sa wata alama wadda in an taɓa ta za ta kai mutum wani shafin. Abin ya fito fili a 1991, kuma ranar 30 ga Afrilu, 1993, cibiyar ta sallama shi kyauta ga duniya. Da yake shafukan sun sarƙe da juna, zare na riƙe da zare, sai ya kira shi da sunan saƙar gizo-gizo. Haruffan nan 3 na www da muke gani a farkon adireshi taƙaitawar sunan ke nan.

To a nan ne Bahaushe ya fassara ya ce yanar gizo. A nan ne kuma rikicin ya samo asali, domin yanzu an mai da yanar gizo da intanet abu ɗaya, alhali kuwa akwai shekara 20 tsakanin haihuwarsu. Intanet shi ne titin, yanar gizo kuwa ɗaya ce daga cikin motocin da ke bin titin. Imel ya girme ta. Kiran murya ta WhatsApp titin yake bi, amma ba shafin yanar gizo ba ne. Facebook kuwa, da aka kafa a 2004, rumfa ce guda a cikin kasuwa, haka Google na 1998 da YouTube na 2005. Kamfanoni ne masu neman riba, suna iya sauya suna ko su rufe. Wanda ya sa jarumin littafinsa yana hawa Twitter ya ga yadda aka wayi gari a 2023 sunan ya koma X.

Duk da haka, wannan fassara ta yi dace ta wata fuska. Duk ɗan Bahaushen da ya zauna gaban kaka da dare ya san wane ne Gizo, mijin Ƙoƙi, sarkin wayo da yaudara. Saboda haka sunan yana ɗauke da gargaɗin da babu shi a na Turanci: wurin nan akwai amfani, akwai kuma tarko.

Isowarsa Gare Mu

A Najeriya abin ya zo a makare, saboda hanyar da zai bi ba ta da kyau. Kamfanin NITEL da aka kafa a 1985 shi ke riƙe da layukan tarho, kuma har zuwa 2000 layukan da ke aiki a ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. An kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a 1992, an kuma ware wa Najeriya haruffan ng a ƙarshen adireshi a 1995, amma mai shiga intanet a wancan lokaci sai ɗai-ɗai a manyan birane.

Juyin ya zo ne a 2001. A watan Janairu aka yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Glo ya biyo baya a 2003. A farkon lamarin kuɗin layi kaɗai ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, shi ya sa 'yan lema da teburi masu sayar da kira na minti-minti suka cika bakin titi. Wannan zamani ne ya haifar da wayar salula da wayar hannu da kuma suna mai daɗi, tafi-da-gidanka. Shi ne kuma zamanin kafe, shagon da ake sayen lokaci na awa ɗaya a zauna gaban kwamfuta. Da sababbin wayoyin ƙarƙashin teku irin Main One da Glo-1 da aka shimfiɗa zuwa Legas suka fara aiki a 2010, kuma wayoyi masu shafawa suka yi araha, sai kafe ya koma aljihu.

Mu a Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye, abin da ya tilasta wa iyaye sanin waɗannan kalmomi shi ne makaranta. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ta zo ta tarar da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, garin ya cika da ɗalibai masu rajista da duba sakamako ta intanet. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta kuma mai da ita dole a 2015. Daga nan duk malamin sakandare ya gane cewa yaron da ya haddace darasi amma bai san inda zai latsa ba, yana iya faɗuwa a kan abin da ya sani. Uban da bai taɓa riƙe kwamfuta ba ya fara tambayar mene ne imel, domin an ce sai ɗansa yana da shi.

Su Wa Suka Raɗa Sunayen?

Babu wata hukuma guda da ta zauna ta tsara kalmomin intanet na Hausa ta ce kowa ya bi. An yi ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, amma ya riga zuwan abin. Masu raɗin sunan su ne ma'aikatan gidajen rediyo da ke fassara labarai kullum, da marubuta a jaridu irin su Abdullahi Salihu Abubakar, wanda aka fi sani da Baban Sadiq, da ya daɗe yana bayanin fasahar sadarwa a jaridar Aminiya, sai kuma uwa uba, bakin jama'a a tasha da kasuwa.

Ta hanyar aro muka sami intanet da imel da data da sabis da burauza, wato manhajar da ke buɗe shafukan yanar gizo. Ta hanyar faɗaɗa ma'ana muka sami shafi, wanda da can na littafi ne, da adireshi, wanda da can na ambulan ne, da saukewa da ɗorawa, waɗanda aikin ɗan dako ne: ka sauke abu daga intanet zuwa wayarka, ko ka ɗora naka a kai. Kutse shi ne shiga wuri ba da izini ba, dandali kuwa filin da samari da 'yan mata ke taruwa ne da dare, yau ga shi ya zama dandalin sada zumunta. Wadda ta fi ba mu malamai mamaki ita ce manhaja. Kalmar Larabci ce da muka sani a ɗakin malamai da ma'anar tsarin darussan da za a koyar a shekara, yanzu kuwa in ka ce manhaja yaro wayarsa zai duba. Amma in an lura, ma'anar ba ta yi nisa ba, domin manhajar waya ma jerin umarni ce da na'ura ke bi daki-daki.

Ta hanyar ƙirƙira kuma muka sami na'ura mai ƙwaƙwalwa, da kalmar sirri, da uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ajiye shafuka tana miƙa wa masu nema, da rariyar liƙau, wato alamar nan da ake taɓawa ta kai mutum wani shafi. Ta baya-bayan nan ita ce ƙirƙirarriyar basira, wadda ta yaɗu bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, baki ba ya son doguwar kalma. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ta fi kwamfuta bayani, amma kwamfuta ce ta yi rinjaye a kasuwa. Kalmar sirri kuwa ta zauna, domin gajera ce kuma ta faɗi aikinta. Daga baya manyan kamfanoni sun biyo sawu: Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook kuma ya fito da Hausa a 2016.

Matsalar Haruffa Masu Ƙugiya

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ya shafi marubuci kai tsaye. Tsarin haruffan kwamfuta na farko da ya yaɗu, ASCII na 1963, gurbi 128 ne gare shi, an kuma yi shi domin Turanci. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, haruffan da suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930. Shi ya sa masu buga littattafai a shekarun 1990 suka sha wahala, wasu suna bin shafi da biro suna sa ƙugiya da hannu, har Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsara haruffan kwamfuta masu ƙugiya, irin wanda ya kira Rabi'at. Maganin dindindin ya zo da tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa. Yau kusan kowace waya tana iya rubuta su in an zaɓi allon rubutu na Hausa. Saboda haka uzuri ya ƙare. Kafa daban, ƙafa daban. Bari daban, ɓari daban. Abin da muka ɗora a intanet shi ne yara ke kwaikwayo, shi ne kuma na'urorin fassara ke koyon Hausa da shi.

Darasin 2021

In akwai lokacin da mutanen yankinmu suka koyi bambancin waɗannan kalmomi a aikace, to shi ne watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi, ba a kuma buɗe namu ba sai a watan Disamba. Waya tana hannu, caji a cike, data an saya, amma babu abin da ke motsi. Intanet bai mutu ba, yana nan yana aiki a birnin Katsina da Kano. Abin da aka kashe shi ne ƙarfen sabis, wato gadar da ke haɗa wayar mutum da babban titi. Mai son tura saƙo ko karɓar kuɗi sai ya hau mota ya nufi inda sabis yake.

Ke nan abubuwa uku ne. Sabis shi ne gadar. Data ita ce kuɗin fito, ana auna ta da nauyin kayan da ka ƙetare da su. Intanet kuwa shi ne titin da ke bayan gadar. Ma'aunin datar ma yana da sauƙi: harafi ɗaya na boko kusan bayit 1 ne, mai ƙugiya 2, mega 1 kusan bayit miliyan 1, giga 1 kuma kusan mega 1,000. Wato rubutun littafi mai shafi 200 bai cika mega 1 ba, alhali bidiyon minti kaɗan yana cinye ninkin-ba-ninkin haka. Marubucin da zai ba da labarin wancan lokaci, kuma ya kamata a ba da shi, dole ya san waɗannan bambance-bambance.

Inda Rashin Sani Ke Jawo Asara

Rashin sani ya fi dare duhu. Tun da aka fito da lambar BVN a 2014, kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura har masu sayar da kayan miya karɓar kuɗi ta waya, kalmar sirri ta zama mabuɗin rumbu. 'Yan damfara ba su cika fasa rumbun ba, lallaɓar mai shi suke yi ya miƙa mabuɗin da hannunsa, ta hanyar kira da sunan banki ko turo rariyar liƙau ta bogi. An yi dokar laifuffukan intanet a 2015, amma tsohuwar da ba ta san cewa lambar da banki ya turo mata sirri ce ba, doka ba ta isa gare ta sai bayan ɓarna. Gajeren labari ɗaya da aka rubuta da Hausa mai kyau yana iya isa.

Mu kanmu marubuta abin ya shafe mu. Adabin Hausa mai yawa ya koma waya, ana sayar da shi babi-babi ta WhatsApp, ana karanta shi a Wattpad. Amma wanda ya ɗora littafinsa ya sani cewa duk wanda ya sauke shi ya mallaki kwafi, yana kuma iya tura wa mutum 100 cikin minti ɗaya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadi hanyar neman a cire aikin da aka ɗora ba da izini ba, ya kamata kowane memba ya san da ita. Haka kuma abin da ake kira ajiya a girgije ba a sama yake ba, kwamfutar wani ce a wata ƙasa. Dandalin sayar da littattafai na OkadaBooks, da aka kafa a 2013, ya rufe a watan Nuwamba na 2023. Mai hankali ya ajiye kwafin aikinsa a wuri fiye da ɗaya, har da takarda.

Kammalawa

Mun ga cewa kalmomin intanet ba daga sama suka faɗo ba. Sun bi hanyar da waya da jirgin ƙasa da tauraron ɗan'adam suka bi, wasu aro, wasu tsofaffi da aka ɗora wa sabon kaya, wasu ƙirƙira. Jama'a ne ke zaɓar wadda za ta rayu, amma marubuci ne ke daidaita mata zama, domin abin da ya shiga littafi shi na baya za su ɗauka daidai ne.

Shawarata ga 'yan'uwa, musamman masu tasowa, ita ce: in kalmar Hausa ta riga ta zauna, kamar shafi da manhaja da kalmar sirri, a yi amfani da ita. In ta aro ce ta yi rinjaye, a rubuta ta da ƙa'idar Hausa ba tare da jin kunya ba, domin waya ma aro ce. In za a ƙirƙiro sabuwa, a fara fahimtar aikin abin tukuna, a kuma gwada ta a bakin wanda bai yi boko ba. Zai kuma yi kyau rassan ƙungiyarmu su riƙa tattara kalmomin da suke ji a yankunansu, su turo wa wannan mujalla, domin a tace su a adana. Magabata sun yi wa zamaninsu wannan hidima da keken rubutu da fitilar ƙwai, saura mu. Allah ya sa mu dace, amin.